Ban Kwanan da Na Hana Direba

Talata, 3 ga wata, ƙarfe bakwai na safe

Auta ce ta sayo mini wannan littafin, wai in riƙa rubuta lokutan maganin babanta. Maganin nas ce ke ba shi, ba ni ba, don haka zan rubuta abin da na ga dama.

Yau kwana tara ke nan da aka kwantar da Direba. Haka nake kiran mijina tun kafin aure, kuma shekara goma sha ɗaya da ya ajiye babbar mota ban canza ba. Shi kuma Shugaba yake ce mini, saboda ni ke jagorantar ƙungiyar addu'a ta matan cocinmu, mu da ke zuwa duba marasa lafiya. Da tsokana ya fara, har sunan ya bi ni.

Gadonsa na uku daga ƙofa, kusa da taga. Akwai ƙaramin kabad na ƙarfe da murfinsa ba ya rufuwa sai an ninke takarda an cusa. Jiya likita ya kira ni ofishinsa tare da Babba, ɗanmu na fari. Ya yi dogon bayani yana juya biro a hannu. Na ce masa na gode, likita, ka faɗi naka, saura na Ubangiji. Abin da likitan ya faɗa ba zai shiga littafin nan ba.

Laraba, 4 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Matan ƙungiya sun zo, su shida. Mun kewaye gado, mun yi waƙa ƙasa-ƙasa saboda sauran marasa lafiya, mun yi addu'a har gumi ya karyo mini.

Dokarmu a ɗakin mara lafiya guda ce, kuma ni na kafa ta shekara goma sha huɗu da suka wuce: ba kuka, ba maganar tafiya. Wanda ya zo da fuskar jaje ya tsaya a waje. Ba ma roƙon warkarwa da wannan gefen baki mu kuma yi sallama da ɗayan. Kuma mun ga aiki. Mun ga waɗanda likitoci suka cire rai da su sun tashi sun koma kasuwa.

Da suka tafi sai Direba ya ce, "Shugaba, ja kujera. Ina da magana."

Na ce ina jinsa, ina ninke tawul.

"Ajiye tawul ɗin mana." Na ajiye. Ya ce, "Kin san dai shekara talatin da takwas da aure ba kwana biyu ba ne. To, in har Ubangiji ya ga dama ya..."

Na ɗora tafin hannuna a bakinsa. Na ce kul, ba a ɗakin nan ba.

Ya yi dariya har tari ya kama shi. Da ya samu numfashi ya ce, "A gida ban taɓa kai magana ƙarshe ba, ashe a asibiti ma ba zan samu ba."

Na ce in ya warke ya yi ta zuba har gari ya waye. Na ba shi ruwa.

Juma'a, 6 ga wata, tsakar rana

Ya ci rabin burodi da shayi. Na gode wa Ubangiji. Zai tashi.

Asabar, 7 ga wata, ƙarfe huɗu na yamma

Mutumin nan da rigima yake. Wai lemo yake so, kuma ba na bakin ƙofar asibiti ba, sai na matar nan da ke tashar manyan motoci, inda yake saye tun yana aiki. Na ce Auta ta je. Ya ce Auta ba ta san na kirki ba, ni ce na iya zaɓe. Mota biyu na hau zuwa, biyu dawowa, ga rana, ga gwiwata. Amma a raina murna nake, tunda mai kwaɗayi ai yana da sauran ƙarfi.

Na dawo na tarar da Auta a bakin gado, idonta jawur. Ta ce warin maganin da ake goge ƙasa da shi ne. Na ɓare masa lemo ɗaya, ya tsotsi ɓari guda ya ce ya isa. Sauran suna nan kan kabad.

Litinin, 9 ga wata, ƙarfe shida na yamma

Yau kuma rezarsa ta gida yake so, da shuɗiyar rigarsa. Na ce ga reza nan sabuwa Babba ya kawo. Ya ce tana cin fuska. Na tafi ina mita.

Ina dawowa na ci karo da Makanike a matakala, abokinsa tun suna samari, wanda ya yi shekaru yana gyara masa mota. Mutumin da bai taɓa ganina bai ce na yi ƙiba ba, yau sai ya kama hannuna da hannu biyu ya ce, "Sannu, uwar ɗakina," ya wuce da sauri. Hular Direba ce a kansa, mai ruwan toka. Na tambayi Direba, ya ce Makanike ya daɗe yana yi mata ido.

Na yi masa aski. Fatar wuyansa ta saki, sai da na ja ta da yatsa biyu.

Laraba, 11 ga wata, ƙarfe goma na safe

Ya sake farawa. "Shugaba, tun ina da murya..." Sai na ɗauki waƙa. Na yi baiti uku cur, da ƙarfi, har matar mutumin gadon can ta ce amin. Da na gama ya juya fuskarsa wajen taga. Ba abin kallo a tagar sai tankin ruwa da bangon ɗakin wanki, amma ya kalle su har ƙarfe sha biyu.

Yana fushi da ni. Ya yi. Dole wani ya tsaya masa da ƙafa biyu tunda shi ya ga dama ya kwanta.

Alhamis, 12 ga wata, ƙarfe takwas na safe

Gadon da ke kusa da nasa babu kowa yau. An cire zanin, an jingine katifar. Na ce wa Direba an mayar da mutumin wani ɗaki. Ya dube ni ya ce, "Shugaba, ai ni ma a ɗakin nake."

Zai tashi. Zai tashi. Na ce zai tashi.

Lahadi, 15 ga wata, ƙarfe uku na yamma

Na je sujada, ban san abin da aka yi wa'azi a kai ba. Kowa na tambaya yaya mai jiki, ina cewa da sauƙi. Na faɗa sau ashirin har bakina ya bushe.

Bayan an tashi, matar marigayi kafinta ta tare ni a bayan coci. Shekara biyar ke nan ba ta zuwa ƙungiya, gaisuwa kawai ke haɗa mu. Ta miƙo mini filas na shayi in kai asibiti, ta tsaya tana murza bakin gyalenta.

Ta ce, "Mama, kin tuna ranar da kika fitar da ni daga ɗakin baban yarana don ina kuka?"

Na ce na tuna, kuma don alherinsa na yi.

"Na sani, Mama. Ban riƙe ki ba. Ina dai so ki sani ina zaune a benci a waje ya tafi. Ina jin muryarku kuna waƙa."

Na ce Ubangiji ya san komai. Ta ce haka ne, ta tafi. Shayin nata ya yi sukari da yawa. Na zubar a makwarara na wanke mata filas.

Talata, 17 ga wata, ƙarfe biyu na rana

Bari in rubuta daidai yadda ya faru, ko zuciyata ta daina tafasa.

Da safe ya ce in je gida in ɗauko masa tsohon lasisinsa na tuƙi, yana cikin akwatin ƙarƙashin gado, wai yana so ya ga hotonsa na da. Babba na nan. Na fita har bakin titi, sai na tuna makullin gida yana cikin ɗaya jakar. Na dawo. An ja labule an kewaye gadon, ina isowa na ji muryarsa.

"...ba don ban ga ƙoƙarinka ba ne, haka aka rene ni, bakina da nauyi wajen yabo. Ka yafe mini. Ka riƙe ƙanwarka. Uwarku kuma kada ku yi mata gardama, tsoro ne ke sa ta faɗa. Ni ba na jin tsoro, ka ji? Na san inda za ni, na san wanda ke jirana. Ku ne dai ba na son bari."

Babba, ƙaton mutum mai 'ya'ya uku, yana shessheƙa kamar yaro.

Ban ɗaga labulen ba. Na fita na sami Auta a baranda ta iso da abinci. Na ce ta dubi idona ta gaya mini abin da ya faru ranar lemo. Ta ce, "Mama, ranar tawa ce."

Ranar reza ta Makanike ce. Ranar da na je sujada, surukata da jikoki. Har ƙanwarsa da ke nesa ya kira a waya ranar da ya tura ni neman man shafawa. Kowa ya samu nasa. Ni ina can ina hawa mota ina sauka, ina zaɓen lemo kamar wata sakarai.

Na ce, ashe duk kun haɗa kai kun mayar da ni 'yar aike.

Auta ta ce, "Mama, da ke ya so ya fara. Ya ce ya gwada sau huɗu."

Na karɓi makullina ta hannun nas na taho gida.

Laraba, 18 ga wata, ƙarfe tara na safe

Ban je ba. Su da suka iya, su zauna da shi.

Laraba, ƙarfe biyar na yamma

Na share gida duka, na wanke labulaye, na goge firji. Auta ta kira sau uku, ban ɗauka ba. A na huɗu ta turo saƙo, wai yana tambaya ko na ci abinci. Ka ji mutum.

Haushinsa nake ji, da na yara, da na likita mai juya biro. In zan faɗi gaskiya, har Wanda nake roƙo ina jin haushinsa, ya gafarta mini. Shekara goma sha huɗu ina tsaya wa mazan wasu.

Alhamis, 19 ga wata, tsakar rana

Tsohon fastonmu ya zo gida, wanda ya ɗaura mana aure. Ya yi ritaya tuni, kunnensa ɗaya ya mutu, matarsa ta rasu shekara shida ke nan. Na san Babba ne ya turo shi. Ya zauna a kujerar Direba ba tare da an ce ya zauna ba, ya nemi ruwan zafi.

Na fara yi masa bayanin bangaskiya, ni da shi. Ya bar ni na gama, ko kuma bai ji ba. Sannan ya ce, "'Yata, Ubangiji Yesu da kansa, da lokacinsa ya yi, ya zaunar da mutanensa ya yi musu ban kwana, mai tsawo kuwa. Ya gaya musu zai tafi, ya gaya musu za su sake ganinsa. Ba wanda ya rufe masa baki ya ce bangaskiyarsa ta gaza. Ke kin fi shi ne?"

Na ce Baba, in na bar shi ya faɗa, na sallama shi ke nan.

Ya ce, "Da a hannunki yake?"

Ya kurɓi ruwansa ya ce shi kullum da safe yana gaya wa Ubangiji ya gaishe masa da matarsa, bai sani ba ko ana isar da irin wannan saƙon, amma bai fasa ba. Ya ce mu masu bi rabuwarmu tana da zafi kamar ta kowa, bambancin kawai tana da iyaka. Wannan maganar na sha faɗa wa mata a gidajen makoki, da muryar nan tawa mai daɗi. Yau da aka faɗa mini ji na yi kamar in kore shi.

Da ya tafi na zauna ina tuna wani abu. Duk shekarun da Direba yake tafiyar sati biyu, sati uku, ban taɓa raka shi ko bakin ƙofa ba. In ya ɗauki jaka sai in shige kicin in kunna famfo. Yakan tsaya ya ce, "Shugaba, na tafi," in amsa daga ciki cewa ya rufe ƙofa da kyau. Tun kafin a yi ƙungiya haka nake. Ashe dokar nan tawa ba daga sama na samo ta ba, daga kicin na taho da ita.

Gobe da sassafe zan je.

Juma'a, 20 ga wata, ƙarfe goma sha ɗaya na safe

An mayar da shi ƙaramin ɗaki shi kaɗai. An sa masa abin numfashi a fuska. Auta ta ce tun jiya da yamma. Ta ce ranar Laraba kuwa ya yi hira sosai, har ya ba nas labarin yadda birki ya taɓa tsinke masa a gangara.

Ranar Laraba ina wanke labulaye.

Na ja kujera, ban riƙe komai a hannu ba. Na ce, Direba, ga ni, ka faɗi maganarka. Ya buɗe ido, leɓensa ya motsa a cikin robar, ban ji komai ba sai hucin injin.

Asabar, 21 ga wata, ƙarfe huɗu na yamma

Barci yake ta yi. Matan ƙungiya sun zo, na ce su yi addu'arsu a baranda. Mataimakiyata ta ce, "Mama, kada ki karaya yanzu." Na ce ta je ta yi abin da na ce.

Lahadi, 22 ga wata, ƙarfe bakwai na safe

Ubangiji, na sauke roƙona. Ba shekara nake nema ba yanzu. Awa ɗaya, da muryarsa.

Litinin, 23 ga wata, ƙarfe shida na yamma

Ba canji. Na yanke masa farce. Babba ya ce in so ya gaya mini abin da babansa ya faɗa a kaina. Na ce a'a, wannan nasa ne, ni nawa nake jira.

Talata, 24 ga wata, ƙarfe goma na safe

Ya farka. Wajen ƙarfe takwas ina shafa masa mai a ƙafa na ji ya ce, "Hannunki da sanyi." Na kusa yar da kwalbar. Ya yi nuni a cire masa robar, nas ta ce na ɗan lokaci kawai. Idonsa tar, irin na da.

Ya ce, "Ina kika shiga kwana biyu?"

Na ce fushi na yi.

"Na sani. Lemon ne?"

Na ce har da rezar. Ya yi murmushi. Sai na durƙusa a gefen gado, gwiwar nan tawa tana ƙara, na ce masa ya yafe mini. Na ce na ji abin da likita ya ce tun ranar farko, na gane sarai, tsoro ne ya hana ni. Na yi kuka a ɗakin mara lafiya, ni Shugaba, kuma rufin asibiti bai faɗo ba. Ya ɗora hannu a kaina, ba nauyi ko kaɗan.

Ya ce, "Yanzu kin bari in faɗa?"

Na ce na bari.

"Ba za ki ɗauki waƙa ba?"

Na ce ba zan ɗauka ba.

Ya lumshe ido, ya ja numfashi sau biyu. Ya ce, "To. Taki tana da tsawo, ba irin ta yara ba ce. Bari in ɗan huta in tara ƙarfi. Kada ki je ko'ina."

Na ce ina nan. Nas ta mayar masa da robar. Yanzu barci yake, ina rubutu a kan gwiwata. Na hana kowa shigowa. Ko ruwa ban sha ba don kada fitsari ya tashe ni.

Talata, ƙarfe uku na yamma

Har yanzu barci.

Talata, ƙarfe shida saura na yamma

Ban je ko'ina ba. Ina so a san wannan. Hannunsa na cikin nawa.

Asabar, 28 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Gida cike da masu ta'aziyya, an ari kujerun coci. Kowa na gaya mini yana wuri mai kyau. Na sani. Matar kafinta ce kaɗai ba ta ce komai ba, ta zauna kusa da ni tun safe har aka watse.

Litinin, 30 ga wata, ƙarfe bakwai na safe

Baƙi sun ragu. Auta na barci a ɗakinmu, ni ina falo.

Na yi ta ƙoƙarin haɗa maganar da kaina. Wataƙila godiya zai yi. Wataƙila akwai abin da na yi masa shekaru da suka wuce da bai taɓa faɗa ba. Wataƙila tsokana ce kawai, na san halinsa. Na tambayi Makanike ko ya taɓa ba shi haske, ya ce ko kusa, Direba ya ce wannan ta mutum ɗaya ce. Ba zan sani ba a nan, kuma ni na jawo. Ba zan yi wa kaina ƙarya a littafin nan ba.

Tun ina yarinya nake waƙar gidan da aka shirya mana a sama. Na koya wa yara, na faɗa wa gwauraye, na gaskata kuma, amma kamar yadda mutum ke gaskata akwai wata ƙasa da bai da kowa a cikinta. Ban taɓa ɗokin zuwa ba. Yau da safe na durƙusa yin addu'a, na kasa haɗa ko jimla ɗaya ta kirki. Abin da ya fito kawai shi ne: Ubangiji, in ana isar da saƙo, ka ce masa ya riƙe maganar nan da kyau, kada ya rage ko kalma ɗaya. Ka ce masa ina zuwa, zan ja kujera in zauna, kuma ba zan katse shi ba.